Yadda Maigida Zai Kalli Wakanda Kashi na Biyu da Iyalinsa, Kowa Ya Kwana Lafiya

An saki fim ɗin Black Panther: Wakanda Forever a watan Nuwamba na 2022, amma a ƙasar Tasawa da Mayahi fim bai san wata ranar saki ba. Ranar fitowarsa ita ce ranar da wani yaro ya kai memorinsa shagon mai tura fina-finai, ya biya 'yan dalolinsa, ya dawo gida yana washe baki. Daga nan sai fim ya kama hanya daga waya zuwa waya, Korgom ta miƙa wa Hawandawaki, Kanan Bakashe ta miƙa wa Gidan Amumun, kuma maigida shi ne na ƙarshen samun labari, ranar da ya tarar da 'ya'yansa sun gicciye hannuwa a ƙirji suna gaida akuya. A nan magidanta kan rabu gida biyu: masu ƙwace waya su jefa aljihu, da masu cewa ai wasan yara ne su juya baya. Ina ganin duka biyun sun yi asara. Fim ne da ya fi ƙarfin yaro shi kaɗai, kuma ya fi ƙarfin a yar da shi. Hanyar da ta dace ita ce a shimfiɗa tabarma, babba ya zauna a tsakiya, maɓallin tsayarwa yana hannunsa.

Kafin tabarma, maigida, san abin da za ka kunna, kuma ka yi haƙuri zan fasa maka ƙwan labarin, domin mai tsaron ƙofa ba a ɓoye masa baƙo. Yaronka zai ce maka fim ɗin faɗa ne. Gaskiyarsa rabi ce. Jarumin kashi na farko na 2018, Chadwick Boseman, ya rasu ranar 28 ga Agusta 2020 yana da shekara 43, bayan shekara huɗu yana fama da ciwon daji na hanji ba tare da duniya ta sani ba. Kamfanin Marvel da mai ba da umarni Ryan Coogler suka ƙi ɗauko wani su sa masa rigar, sai suka bar sarki T'Challa ya mutu a cikin labarin shi ma. Saboda haka fim ɗin da jana'iza yake buɗewa, jama'a cikin fararen kaya, uwa da ƙanwa suna bin makara. Hawayen da ke fuskokin 'yan wasan na abokin aikinsu ne na gaske, kuma mai kallo yana jin haka a jikinsa. Wannan shi ne babban ƙarfin fim ɗin. Angela Bassett, wadda ta fito a Sarauniya Ramonda, ta yi wasan da ya sa sunanta cikin masu neman kyautar Oska, Ruth Carter kuwa ta ɗauke kyautar a fannin tufafi, karo na biyu ke nan. In uwargida ta ce a dakata ta duba ɗinkin wata riga, ka dakata mata, tana da hujja.

Sai shirin zama. Tsawon fim ɗin minti 161 ne, wato awa biyu da minti arba'in da ɗaya, kuma batirin da ya wuni a hannun samari ba zai kai ka rabi ba. A yi caji tun hantsi a ɓoye wayar, in ma telebijin ce mai aiki da farantin hasken rana, a hana kowa taɓa ta da rana. A ci tuwo, a yi Isha'i, sannan a kunna. Shawarata mafi tsada ita ce a raba shi dare biyu, a yanke a daidai inda mutanen ruwa suka ɗauke gimbiya Shuri, ƙanwar T'Challa, sarauniya kuma ta tuɓe Okoye daga shugabancin dakarunta. Yara za su yi ƙorafi, amma washegari za ka ga an share tsakar gida tun la'asar ba tare da ka buɗe baki ba. Rabawar tana kuma rufa wa fim ɗin asiri, domin tsakiyarsa fura ce da aka cika wa ruwa. Duk inda aka koma Amurka wajen jami'in leƙen asiri Everett Ross da shugabarsa, labari yakan tsaya cik. Ɗalibar nan mai ƙera na'ura, Riri Williams, an cusa ta ne don a share mata hanyar shirinta na gaba, kuma abin bai ɓoyu ba. Birnin ƙarƙashin teku, Talokan, an ɗauke shi cikin duhu, a fuskar ƙaramar waya ba abin da za ka gani sai inuwa tana iyo. Kaka a ba ta wuri kusa da kai, domin za ta tambayi sunan kowa da sunan ubansa, kuma tambayarta ta fi ta kowa ma'ana: wannan yarinya wa ya mutu mata?

Batun shekaru ba wasa a cikinsa. A Amurka an ba fim ɗin alamar PG-13, ma'ana iyaye su yi hattara da yaron da bai kai sha uku ba, saboda faɗace-faɗace da 'yan kalaman da ba su dace ba. Ba a nuna jini yana malala, ba a kuma nuna shimfiɗa. Abin da zai hana ƙaramin yaro barci wurare uku ne: inda mutanen ruwa ke rera wata waƙa, ma'aikatan jirgi su riƙa faɗawa teku da ƙafarsu, inda Namor, sarkin mutanen ruwan, ya sako ruwa ya ci babban birnin Wakanda, sarauniya ta nutse wajen ceton 'yar wani, da inda aka soke Shuri da mashi a ciki. Ga ɗan Amurka ambaliyar nan ƙwarewar kwamfuta ce. Ga yaron jihar Maraɗi, wadda ta kasance cikin jihohin da ambaliyar daminar 2024 ta fi yi wa ɓarna a Nijar, ruwa mai rushe ɗaki abu ne da ido ya gani. Don haka wanda bai kai goma ba a ba shi daren farko har jana'iza da kiɗa da kwalliya, sannan a sallame shi da labarin Gizo. Wanda ya yi rashin uwa ko uba kwanan nan, komai girmansa, a tambaye shi tukuna ko yana so.

Wani zai ce, kuma ba wawa ba ne, ina ruwan gidan Musulmi da fim ɗin da ake kiran wata allahiya mai siffar damisa, ake shan tsimin ganye a gana da matattu, ake ɗaukar mutum mai fuka-fukai a idon sawu a matsayin abin bauta? Duk wannan yana ciki, ban rage masa komai ba. Amma a duba abu biyu. Na farko, ƙwace waya ba ya hana kallo, wurin kallon kawai yake sauyawa; yaron zai gani a bayan makaranta tare da sa'anninsa, inda ba mai ce masa uffan. Na biyu, Bahaushe ya daɗe da sanin yadda ake riƙe ƙagaggen labari. Mun tashi da Dodo da 'yan ruwa da Ɓotorami, kuma mai ba da tatsuniya kan rufe da shaida wa yara cewa ƙarya ce ya shirya. Aikinka ke nan, maigida. Ka danna tsayarwa, ka ce: ku yara, wannan tatsuniyar Turawa ce, wanda ya mutu addu'a yake buƙata, ba ya dawowa ya ba da shawara. Jimla ɗaya daga bakin uba a daidai lokacin ta fi wa'azin mako bayan an gama. Idan kuma bayan wannan zuciyarka ba ta kwanta ba, gidanka ne, kana da iko. Sai dai ka gaya wa yaran dalili, kada ka bar su da tsawa kawai.

Yanzu ga wurin da za ka gyara zama, domin nan ne ɗan Tasawa ya fi ɗan Landan fahimtar fim ɗin. Tun farko-farko an nuna sarauniya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, wakilan Faransa da Amurka suna matsa mata ta raba musu ƙarfen ƙasarta, bibraniyom. A daidai lokacin, sojojin haya masu magana da Faransanci suna fasa wata cibiyar Wakanda a Ansongo ta ƙasar Mali, aka kama su aka gurfanar da su a gaban wakiliyar Faransa. Wurin ya yi zafin da ministan tsaron Faransa na lokacin, Sébastien Lecornu, ya fito a watan Fabrairu na 2023 ya yi tir da shi. Yaron da ya san cewa tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, ya kuma ji labarin ficewar sojojin Faransa na ƙarshe daga Nijar a Disambar 2023, ba ya buƙatar tafinta. Amma kada ka tsaya a tafi da shewa. Ka tsayar da fim ka ba su tarihin ƙofar gidansu. A 1899 rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙone garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. Ranar 14 ga Yuli, a Dankori kusa da Tasawa, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi. Kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu baƙar fata suka juya wa Voulet da Chanoine bakin bindiga suka kashe su, kuma kaburburan mutanen biyu suna Maijirgi har yau. Ka ja hankalin yaran kan wannan: yawancin masu riƙe bindiga a rundunar nan 'yan Afirka ne, waɗanda ake harbi ma 'yan Afirka ne. Haka fim ɗin yake tafiya. Mutanen Namor jikokin Mayawan ƙasar Meksiko ne da suka gudu cikin teku saboda Sifaniyawa da cutar agana, amma maimakon su haɗa kai da Wakanda, sai ɓangarorin biyu suka kama kashe juna, masu kwaɗayin ƙarfen kuwa suna gefe ko ƙwarzane ba su samu ba.

Akwai masu cewa wannan shi ne babban aibin fim ɗin: kamfanin Disney ne, mamallakin Marvel, ya tattara fushin Afirka ya sayar, ya kwashi sama da dalar Amurka miliyan 850, kuma ya kauce wa haɗa jarumansa yaƙi da manyan ƙasashe. Akwai gaskiya a ciki, kuma yaƙin ƙarshe a kan jirgin ruwa hayaniya ce kawai, bai kai na kashi na farko armashi ba. Sai dai inda labarin ya sauka ya cancanci zaman. Shuri, wadda aka kashe wa uwa, ta sami Namor a ƙasa, makami a wuyansa, ta tuna cewa in ta soke shi jama'arta da tasa za su gaji gabar har jikoki, sai ta janye hannu. A ƙasar da rikicin gona da burtali kan ci rai saboda ramuwar gayya, saurayi ya ga jarumar da yake so ta haɗiye fushi a gaban idonsa ba ƙaramin abu ba ne. 'Yan matan gidan kuma su ga mata suna riƙe ƙasa, ɗaya tana mulki, ɗaya tana jan runduna, ɗaya tana ɗakin bincike. In an yi sa'a wata za ta ƙara ƙaunar darasin lissafi. Wanda kuma yake son sarauniyar da ba Amurka ce ta ƙago ta ba, ya sa mai tura fina-finai ya nemo masa Sarraounia na Med Hondo, fim ɗin 1986 da aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Shi ma ba na ƙanana ba ne.

Idan sunaye suka fara hawa, kada ka kashe, akwai sauran ɗan wuri a ƙasar Haiti inda Shuri take gano cewa yayanta ya bar ɗa namiji, kuma kaka ba za ta yafe maka ba in ta ji labarin a bakin maƙwabta. Sannan kafin a naɗe tabarma a kafa doka a gaban kowa, da murya mai ƙarfi. Ba mai dirowa daga katanga ko kan rumbu. Karan dawa ba mashi ba ne, ƙanne kuma ba sojojin haya ba ne. Mafi girma duka, tabkunan Tasawa da Gulbin Kaba idan ya kawo ba su da birni a ƙarƙashinsu, kuma ba ɗan da ke numfashi cikin ruwa. Wannan a maimaita shi sau uku, a sa manyan yara su kula da ƙanana har damina ta wuce.