Bagwarin Garatu a Mile 12

Ka kira mutumin Wales ɗan Ingila, ka ga ɓacin rai. Ran 1 ga Maris har wani ganye dangin albasa yake maƙalawa a ƙirji don a shaida asalinsa. Sai dai yawanci da Turanci yake yin ƙorafin.

Mu ma a Garatu, kan hanyar Minna zuwa Bida, muna da irinsa. Manomi ya lodo doya zuwa kasuwar Mile 12 a Legas, bai gama kwance tamfol ba an raɗa masa "Aboki". A can duk wanda ya haye gadar Jebba Bahaushe ne, Banufe ne shi ko Bagwari. Nan manomin zai gyara tsayuwa ya ce shi Gbagyi ne, wato Bagwari, gaba da baya, kakanninsa suna noman doya tun jirgin ƙasa bai san Minna ba. Duk wannan da Hausa yake zuba shi, har da karin magana.

Matarsa ba ruwanta da musu. Ta saɓa kayanta a kafaɗa, kai a sake, kowa ya gane asalinta.

Dillali, Bakatsine, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Na ji, mai gida. Nawa ƙwaryar?"