Wutsiyar Jirgi da Tiren Okpa

Mu mutanen Abakpa Nike a Inugu ba baƙin jirgi ba ne, tunda filin jirgin Akanu Ibiam na nan Emene, kusa da mu. Shi ya sa da ɗan yayata ya fara haɗa ƙaramin jirgi mai rimot da farar kumfar kwalin firji, na naɗa kaina babban injiniya. Gyaran fanka nake yi, iska kuwa ai sana'ata ce.

Wutsiyar da ya yanko falle ɗaya ce, a baje kamar faifai. Na ce sam! Tunda fiffike doro gare shi, wutsiya ma sai da doro.

Ya ce, "Kawu, jirgi ƙarami mai tafiya a hankali bai damu da doron wutsiya ba. Aikinta saita hanci, ba ɗaukar kaya ba. Piper Cub ma da aka fara ƙerawa a Amurka a 1938 mutum biyu yake ɗauka, wutsiyarsa kuma a baje take."

Na ce yaran zamani da iyayi!

Na haɗa kumfa rufi-rufi, na goge da samfefa, na malala gam, na bi da fenti. Ta yi kyau, wallahi. Yaron ya tallafi jirgin da yatsu biyu a ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakinsa na gaba, inda ya kamata nauyi ya daidaita. Jirgi ya zauna daɓas a kan gindinsa. Wai wutsiya na da nisa, ɗan nauyin da na ƙara mata sai an rama da ninkinsa a hanci, a ɗaura noti. Na ce a Emene ka taɓa ganin jirgi da noti a hanci?

Muka je fili da la'asar, yara na biye da mu. Na cilla. Jirgi ya ɗaga kai sama, ya tsaya cak yana tunani, sannan ya juyo ya nufi wata mata mai tallan okpa, alalar gurjiyar nan da Inugu ke taƙama da ita. Ina murɗa rimot, ina salati.

Matar ba ta ji ciwo ba, tiren ne ya yi shahada. Ta zazzaga min Ibo tsantsa, ban tsinci komai ba sai "aboki" da kuɗin. Na biya har na tiren.

Kwana biyu gidanmu okpa ake ci, ana tsince kumfa. Yaron ya mayar da faifansa, jirgi na ta shawagi, ni dai na ce iskar ranar ce ba ta da kyau. Matar kuwa ko daga tsallaken titi ta hango ni sai ta rufe tirenta, ta ƙwala min kira: "Oga direba!"