Mu Jikokin Fatake Ne

A unguwarmu, in an idar da sallar isha'i an shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, hira ba ta wuce tsadar kaya, ƙwallo, da wane ya samu aiki wane bai samu ba. Kwanakin nan sai ga sabuwar magana. Wani yaronmu da ya gama digiri ya yi bautar ƙasa ya gaji da yawo da takardu, ya sayar da babbar wayarsa, ya haɗa da kwasar adashin mahaifiyarsa, ya kama hayar gona a Kadawa zai yi noman rani.

"Wannan ai ganganci ne," in ji telan layinmu. "Tumatir fa! In ya yi yawa a kasuwa, kuɗin mota ma ba ya fitowa. Kun manta tsutsar da ta cinye gonakin Kano da Kaduna a 2016? Da ya ƙara haƙuri, ko aikin koyarwa ai zai samu."

Dattijon majalisar ya gyara zama. "Malam, kakanka da albashi ya gina gidan da kake ciki? Ku yaran yanzu kun manta ko ku su wane ne."

Gaskiyar Baba ce. Mu ne mutanen da suka ɗaura wa jakuna kanwa da fata da baƙin rini, suka bi bayan madugu wata da watanni har Gwanja, suka sayo goro a Salaga. Goro kuwa ba ya son sakaci. Sai an naɗe shi da ɗanyen ganye, ana kwance huhu a hanya ana yayyafa ruwa, ana tsince wanda ya fara lalacewa kafin ya shafi sauran. Ga 'yan fashi, ga kogunan da za a ƙetare, ga kuɗin fito a kowace ƙasa. Duk da haka suka tafi, shi ya sa yau akwai zango a Kumasi, akwai Sabo a Ibadan.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suka sa rai za su kwasa. Manomanmu suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi riba, kuma ko ba a saya ba a ci ta a gida. Suka shuka gyaɗa, har aka wayi gari dalar gyaɗa ta zama alamar Kano. Alhassan Ɗantata, ɗan Bebeji, da fataucin goro ya fara, amma da ya ga inda kasuwa ta dosa sai ya shiga sayen gyaɗa. Kafin rasuwarsa a 1955 sunansa ya gama Afirka ta Yamma.

"To ai Baba ba kowa ne Ɗantata ba," in ji wani saurayi.

"Ɗana, leƙa cikin gidanku. Gwaggonka da mudu nawa na waken suya ta fara awara? Yau ita ke biya wa ƙannenka kuɗin makaranta. Zomo ba ya kamuwa daga zaune."

Sai dai telan ma yana da tasa gaskiyar, domin kasada daban, caca daban. Mai caca shi ne wanda ya kwashi jarinsa ya miƙa wa masu cewa za su ninka masa a wata guda, bai san abin da suke saya ba balle abin da suke sayarwa. Mun ga gidajen da wannan ta rusa. Bafatake kuwa sai ya yi shekaru yana yaron ayari kafin ya ɗaura kayansa. Haka har gobe ake yi a Kantin Kwari da Singa da Dawanau: yaro ya zauna gaban ubangida, ya san kaya, ya san farashi, ya san mai biya da mai taurin bashi, sannan a yaye shi da ɗan jari. Mai son noman rani ya amfane shi, ya fara bin manomi ya koyi renon iri da ban-ruwa, ya raba gonar tsakanin tumatir da albasa, ya bar wani abu a ajiye saboda baƙar rana.

Abin da ya fi damuna shi ne bakinmu. Mutum ya gwada ya karye, mu ne farkon cewa "ai dama mun faɗa." Wannan maganar ta fi rashin jari kashe zuciyar samarinmu, don da yawansu tsoron dariyar majalisa ke hana su motsi. Alhali a kasuwa, in ɗan'uwa mai amana ya karye, ba shi kaya ake yi bashi ya juya har ya miƙe.

Mu dawo da wannan hali cikin unguwa. Wanda ya zo da niyyar sana'a, mai ilimin abin ya nuna masa ramukan hanya, mai hali ya ranta masa, marar hali ya sayi kayansa ya yi masa addu'a. In ya faɗi, mu zauna da shi mu duba inda lissafin ya kuskure, mu taimaka masa ya sake ɗaura kaya.