Mai bindiga a gida, mai baka a dawa

A Amurka, inda bindigogi suka fi mutane yawa, akwai maharban da kan bar tasu a gida, su biya kuɗin lasisi don su harbi barewa da baka da kibiya. Kafin a ce wahala suke saye da kuɗinsu, a duba lissafin. Tun 1934 jihar Wisconsin ta ware wa masu baka lokacinsu na farauta, kuma yau a jihohi da yawa su ke riga masu bindiga shiga daji, tun dabbobi ba su firgita ba. Wayo ne sanye da rigar jarumtaka.

Za a ce ai bakan nasu inji ne, tun da Holless Wilbur Allen ya yi rajistar bakansa mai gargare a 1969, wanda ke rage nauyin riƙe tsirkiya. Haka ne. Sai dai gargaren bai toshe hancin barewa ba. Dole maharbi ya kusance ta kamar mita 30, iska kuwa in ta juya, shi ke nan. Shi ya sa sabon shiga kan yi wanka da sabulu marar ƙamshi, ya hau bishiya tun asuba, ya wuni yana rawar sanyi, ya dawo gida ya ci kazar kanti.