Yadda Za Ka Sayi Motar Tsere Ta Hannu Ba Ka Sayar Da Gona Ba

Idan Allah Ya yi maka buɗi, masara ta yi kyau a Doguwa ko shinkafa ta yi daraja a kasuwar Tudun Wada, sai zuciya ta raya maka cewa abin da ya rage maka a duniya shi ne mota mai ƙofa biyu, wadda ke kwance a ƙasa tana gurnani, ni ba zan hana ka ba. Wanda ya ƙudurta sayen Mustang ba ya jin wa'azi. Iyakacina in rage maka zafin yankan.

Kada ka saya da kaka. Dillalan Kano sun fi malaman gona sanin ranar girbi, kuma daga nesa suke jiyo ƙamshin kuɗin masara. Ka haƙura damina ta yi nisa, lokacin da kowa ke neman kuɗin taki. In kana da dogon haƙuri, jira bayan zaɓe, sa'ad da waɗanda suka sha ƙasa ke tuna cewa gidansu ya cika da motoci. Ranar zuwa wurin dillali kuma ka bar sabuwar shaddar nan a cikin akwati. Ka sa tsohon yadi, ka hau Golf ta haya, ka iso da ƙura a gira.

Ga sirrin da dillali ba ya so ka sani: ya fi ka matsuwa. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, mota mai silinda takwas ta zama marainiya. Injin Mustang GT lita biyar ne, shan mansa kuwa sai mai gidan mai ya riƙa gaishe ka da suna. Kowa Corolla yake nema. Motar da kake mafarki ta yi watanni a filin dillali tana shan rana, yara na ɗaukar hoto a jikinta, babu mai tayawa. Don haka ko ta burge ka, ka haɗe rai. Ka tsaya kan wata Camry kana shafa ta, sannan ka waiwaya ka ce, "Waccan gajerar fa, wa ya kawo muku wahala?"

Zai ce, "Ranka ya daɗe, wata likita ce ke hawanta a Amurka, daga gida sai asibiti." Duk motar da ke Kano likita ce ta hau ta, har mamaki nake wa ke duba marasa lafiya a can. Ka yi murmushi, ka kwafi lambar jikin motar, mai haruffa da lambobi 17, da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ka ba yaronka mai waya ya bincika tarihinta a intanet. Da yawa daga cikin motocin nan gwanjonsu aka yi bayan haɗari ko ambaliya, aka yi musu kwaskwarima. Ka ɗaga shimfiɗar ƙasa ka sunsuna, ka leƙa ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa. Motar da ta taɓa yin iyo, wayoyinta ba sa yafewa. In kuma allonta ya nuna 90,000, ka tambaya mil ne ko kilomita, domin mil ɗaya ya kai kilomita 1.6, sannan ka tuna akwai masu mayar da lambar baya a kan kuɗin shayi.

Bakanike naka za ka kawo daga gida, wanda ya san zai haɗu da kai a masallaci. Ku je da sassafe inji na sanyi, don in kun tarar an riga an tayar da ita, akwai tarin da ake ɓoye muku. Shuɗin hayaƙi, tana ƙona baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, ruwa na shiga inji. A jona mata kwamfuta. A bi jikinta da maganaɗisu, inda ƙarfe ne amma ya ƙi kamawa, cikon fanabita ne. A kwanta a duba salansa ko an cire abin nan da makanikai ke kira indomi. Taya ma tana da ranar haihuwa: lambobi huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Kowane aibi ka gano, ka yi salati da ƙarfi, ka cire shi daga farashi.

Takardu ba wurin raha ba ne. A farkon 2017 gwamnatin Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu, saboda haka in an ce maka 'yar Kwatano ce, ka kai takardar fito ofishin kwastam a tantance kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Gwaji kuwa, kada ka yarda da zagayen titi mai santsi a cikin birni. Ka ce a zo Kwanar Dangora, a karya kan hanyar Tudun Wada. Tsakanin cikin motar da ƙasa bai wuce taƙi ba, tudun rage gudu na farko da mutanen ƙauye suka gina da hannunsu zai ba ka labarinta. Da ka ji ƙarar gurza, ka dubi dillali cikin tausayi ka ce, "Malam, ni fa Riruwai zan kai ta." Wannan jimla kaɗai tana sauke farashi. Gudun da aka ƙera ta dominsa kuwa, doka ta tsayar da ƙaramar mota a kilomita 100 a awa kan babbar hanya, shanun dajin Falgore kuma ba su amince da ko rabin haka ba.

Sai ciniki. Ka tambayi dillali mutum nawa ne tsakaninka da mai motar, don kowannensu ya ɗora nasa kafin la'ada. Ka taya ƙasa sosai. Zai ce albarka, ya rantse ko kuɗin jirgin ruwa ba ka biya ba. Ka ce a kai kasuwa, ka juya ka tafi a hankali, a hankali ƙwarai, yadda zai iya cim maka kafin bakin titi. Farashin gaskiya shi ne wanda zai bar maka kuɗin taya huɗu, man wata uku, da kuɗin motar haya zuwa Ƙofar Ruwa, inda za a ce maka kayanta sai an yi oda daga Legas.

In an sallama, ka kai ta bakin madatsar Tiga a ɗauke ku hoto tun tana da kyau. Ka koyi cire hula kafin shiga, rufin ba ya girmama zanna bukar. Kuma ka tanadi amsar da za ka ba Gwaggo, domin ta riga ta sanar a Kiru da Bebeji cewa ɗanta ya sayi mota, ranar Asabar kai za ka ɗauko amarya, da ƙawayenta shida, da tukwane.