Kar a Taɓa Min, Zai Yi Amfani

Daga Ikara zuwa Maƙarfi, ka zagayo ta Hunƙuyi har Kudan, da wuya ka sami gidan da babu wani ɗaki da ba a bari baƙo ya leƙa. Sunansa sito, amma ɓeraye ne masu unguwannin wajen. A ciki akwai keke mai ƙafa ɗaya, rediyon kaset da ya yi shiru tun zamanin soja, jarkoki fasassu, cajar Nokia ɗaure da roba, da kalandar kamfen ta 1999 lokacin da Ahmed Maƙarfi ke neman gwamna. Mutumin ya gama mulki a 2007, ya je majalisar dattawa ya dawo, kalanda na nan tana jiran a rantsar da ita.

Uwargida ta ce, "Malam, a ba yara su kai wa 'yan gwangwan mana." Sai ka ga Malam ya miƙe tsaye, jijiyar wuya ta tashi: "Ke dai ba ki san ajiya maganin wata rana ba?" Ranar nan dai har yau ba ta fito a kalanda ba.

Ita ma mai ƙorafin ba a bar ta a baya ba. Kwalla da samira da kulolin da aka jera mata tun tana amarya sun cinye rabin ɗaki, ba a taɓa zuba musu ko kunu ba. Ana sauke su gab da Sallah, a wanke, a goge, a mayar. Yara biyar na kwana a takure, gwiwar wannan a haƙarƙarin wancan, kwanuka kuwa suna shan iska a kabet. Kana tambaya sai a ce, "Haba, a shigo a ga ɗakina fayau, me za a ce?"

A Japan akwai wata mata, Marie Kondo, da ta yi suna tun 2011 da dabarar rage tarkace: ka riƙe abu, in bai sa ka farin ciki ba ka yi masa godiya ka sallame shi. Ina so a kawo ta Kudan, a miƙa wa wani dattijo mataccen injin ban-ruwa. Zai rungume shi, ya ba ta labarin shekarar da rake ya yi kuɗi, da wanda ya raka shi Zariya sayowa, da farashin fetur a lokacin. Kafin la'asar ita ce za ta roƙa a bar masa abinsa.

Abin dai ba wasa ne zalla ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a Amurka sun ware tara tarkace a matsayin lalura tun 2013, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi a kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Alamarsa ita ce mutum ya shiga ƙunci da zarar an ce a yar da abu, har kaya su kore shi daga makwancinsa. Sai dai ni a ganina yawancin namu tsoro ne. Wanda ya taɓa neman buhu ɗaya a ranar girbi ya rasa, ko ya sha layin banki a canjin kuɗin 2023, ba ya sake yarda da gobe. Sai ya tara, ya kuma kwana yana gadin abin da ya tara. Gidan ga ƙura da sauro, ga neman takardar gona da ke zama rigimar kwana uku, kowa na zargin kowa.

Abin da ke ba ni dariya shi ne, abin da ya cancanci ajiya shi muka kasa ajiyewa. Kamfanin tumatir na Ikara ya yi shekaru a rufe, manomi na kallon kwandunansa suna ruɓewa a bakin titi idan kasuwa ta faɗi. Amma gwangwanin tumatir wanda aka cinye, wannan kam muna da shi cike da kwali.

Wayar ma haka take: zaure goma sha na WhatsApp, kowanne ya turo bidiyon biki iri ɗaya, ba a gogewa kar dangi su ji haushi.

Mafi nauyi kuwa ba ya sito. Za ka ga tsofaffi biyu a kasuwar Maƙarfi suna kawar da kai, shekara talatin ba sa gaisawa. Ka bincika, ɗaya ya ce akuya ce ta shiga gona, ɗayan ya rantse kan iyaka ne. Akuyar ta mutu, gonar an sayar, amma gabar an raba wa jikoki gadonta, namiji kashi biyu, mace kashi ɗaya. Na yi wa wani ɗan gwangwan tayi ko zai saya a kilo. Ya ce sikelinsa na haya ne, ba zai iya biyan mai shi ba idan ya karye.