Ƙiyasin Ƙanƙara da Taɓo

Malaman usulu sun sharɗanta wa mai yin ƙiyasi kada ya auna wani abu da wani sai illarsu ta zo ɗaya, ni kuwa, ko da yake na ɗan zauna gaban malamai a zaurukan birni kafin neman abinci ya janye ni zuwa kasuwar Dawanau, ban taɓa zaton wannan ƙa'ida za ta bi ni har cikin wani burtali da ke gabas da Dambatta ba.

Asalin al'amarin wata mota ce da na saya, wadda ta taso daga Kanada, ta sauka Kwatano, ta iso Kano a tsakiyar bazara. Gajera ce, cikinta dab da ƙasa, amma in ka taka totur sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Babban abin alfaharinta kuwa shi ne da ƙafafunta huɗu take ja, alhali galibin ƙananan motoci biyu ke ja, biyu na biye. Dillali ya karanta mini tarihin wannan hikima tun daga 1980, shekarar da kamfanin Audi ya fito da Quattro, wadda daga baya ta kunyata masu ja da ƙafa biyu a tseren daji, ni kuma na haddace ruwayar, na riƙa isar da ita ga duk wanda ya tsaya gaishe ni, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Alamar farko da ta nuna motar ba ta san inda ƙaddara ta kawo ta ba, cikin Afrilu ta bayyana, watan da zafin Kano kan haura digiri 40. Duk sa'ad da na zauna tuƙi sai in ji wani irin ɗumi yana taso mini daga ƙasa, har na fara shan jiƙe-jiƙe a ɓoye ina zargin wata lalura da ba a faɗa a taro, sai da ƙaramin ɗana ya danna wani maɓalli kusa da giya, sa'an nan ta tabbata kujerar ce aka yi ta da abin ɗumama mazauni saboda sanyin can.

Alama ta biyu wani dattijo mai faci ne ya karanta ta a bakin titin Katsina. Ya durƙusa zai sa iska, ya shafa gefen taya da babban yatsa, ya nuna mini wani ɗan hoto da ban taɓa lura da shi ba: dutse mai ƙololuwa uku, da ƙwayar dusar ƙanƙara a tsakiyarsa. Ya ce, “Alhaji, ai waɗannan tayoyin ƙanƙara ne. Ga kuma lambobi huɗun nan, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera su. In 'yan kiyaye haɗurra suka duba, ba za ku rabu da daɗi ba.” Haƙiƙa maganarsa tana da asali. A ƙasar Finland aka fara yin irin wannan taya a 1934, kuma robarta mai taushi ce da gangan, don kada ta sandare in sanyi ya yi ƙasa da digiri 7, an kuma tsattsaga fuskarta da ƙananan tsagu masu yawa don su ciji ƙanƙara. A lardin Kwibek na Kanada ma wajibi ne a shari'ance, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, mota ta sa su. Amma robar da aka yi don kada ta daskare, in ta hau kwaltar Kano da azahar, sai ta ƙara laushi, ta riƙa cinyewa da sauri, birki kuma ya ƙara nisa kafin ya kama.

Duk wannan na saurara da natsuwa, sa'an nan na gina ƙiyasina, wanda har gobe nake ganin kyawun tsarinsa. Na ce dusar ƙanƙara ruwa ce da ta daskare, taɓo kuwa ruwa ne da ya haɗu da ƙasa. Illar da ke cikin su biyun santsi ce. Abin da ya rinjayi santsin da ya gagari Turawa, ta yaya santsin ƙauyenmu zai gagare shi? Mai faci ya ce, “To, Alhaji, ku ne malamai,” ya karɓi kuɗin iskarsa.

Cikin Agusta, marka ta kafu, aka sa ɗaurin auren 'yar baffana a ƙauyenmu, na kama hanya da motar. Wanda bai san ƙasar arewacin Kano ba, ya sani babu jeji a nan: gona ce ke jingine da gona, gero da dawa sun fi tsawon mutum, ga gyaɗa da wake a ƙarƙashi, ga gawo da ɗorawa tsaye a tsakani, kowane taku na da mai shi, kuma an ci gadonsa an raba. Hanyar da ta rage wa matafiyi ita ce burtali, wanda aka bari don shanu da jakuna, aka shinge shi da aguwa dama da hagu. Muddin ina kan jigawa lafiya lau nake tafiya, ina ɗaga wa masu keke hannu irin na wanda Allah ya ɗaukaka. Da na gangaro fadama, sai na tarar da wani yaro yana kiwon awaki, ya ce, “Baba, a nan masu mota ke ajiyewa su ƙarasa da ƙafa.” Na ce masa, “Yaro, masu ƙafa biyu ke nan.”

Na yi bismilla, na taka. Ta shiga da izza, ta yi kamar tsawon igiyar guga uku, sai ta tsaya. Na ƙara wuta. A nan ne na ga cikar alkawarin dillali, domin wallahi ƙafafun huɗu duka suka yi aiki, babu wadda ta yi ha'inci: kowace ta haƙa raminta, daidai wa daida, har motar ta sauka a hankali ta kwanta bisa cikinta kamar kaza kan ƙwai, wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa tana ta ƙifta mini ido a gaban sitiyari. Da na buɗe ƙofa, taɓo ne ya fara yi mini maraba, ya karɓi takalmina na dama bai mayar ba.

Kafin in gama istirja'i, 'yan ɗaurin aure sun baro ƙofar gida sun kewaye ni, har da liman. Shi ne ya sunkuya ya duba taya, ya ga laka ta cike tsagun nan ƙanana ta shafe su sumul, ya nuna mini tayar wata tarakta da aka jingine a gindin tsamiya, mai manyan haƙora da faɗin rata a tsakaninsu, waɗanda ke tofar da laka in suna juyawa. Da na gabatar masa da hujjata, sai ya yi murmushi ya ce, “Alhaji, wannan ai ƙiyasi ne tare da bambanci.” Na ce, “Allah gafarta malam, mas'alar akwai saɓani.” Ya ce lalle akwai, amma a fara fitar da motar tukuna.

Baffa ya sa aka kwanto bijimansa biyu na huɗa, aka ɗaura igiya a bamba, aka yi musu tsawa. Suka yunƙura da gaskiya, suka tafi da bamba har bakin shinge, mota ko gezau. Sai bayan wannan ne wani ɗan acaɓa ya buɗe but, ya ɗaga shimfiɗa, ya zaro wani ƙarfe mai zobe daga gefen safaya, ya murɗa shi a wani rami da ke gaban motar, wanda ashe don ja aka yi shi. A wurin kuma aka tsinci wata 'yar sanda mai buroshi da bakin roba, ta kankare ƙanƙara daga gilashi, yara suka yi ta kokawa a kanta suna kankare laka. Aka haƙa ƙarƙashin motar da fartanya, aka cusa karan dawar bara, bijimai suka sake ja, samari na turawa suna salati, ta fito. An ɗaura aure bayan la'asar maimakon hantsi, ni ne kuma waliyyin amarya, na ba da ita da wandon aro.

Da na koma birni na nufi Ƙofar Ruwa neman tayoyi irin na ƙasar zafi, ba don na janye fatawata ba, sai don tsofaffin sun riga sun cinye. Na nemi Baffa ya aiko mini da bambata, ya aiko da amsa cewa ya riga ya kafa ta a garke raguna na cin dusa a ciki, amma in ina so in saya, a yi ciniki bayan Babbar Salla.